Ƙarar da Ke Ƙirjin Hure

A Gafasa, ta ƙasar Ajingi, idan baƙo ya tambayi gidan ɗori, ko mai tallar nono za ta nuna masa ƙofar Malam Inuwa ba tare da ta sauke ƙwaryarta ba. Ɗori gado ne a gidan. Daga hannun mahaifinsa ya karɓa, shi kuma daga hannun nasa mahaifin. Ana kawo masa wanda babur ya kayar a hanyar Gaya, da wanda sa ya tunkuya, da wanda ya faɗo daga kan ɗorawa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana wannan aiki a zaurensa, da karan dawa da tsumma da man shanu da tofi.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, rabin aikin maɗori da kunne ake yin sa. Idan kafaɗa ta goce, ko gwiwar hannu, sai ya ja, ya murɗa, ya kasa kunne. Akwai wata 'yar ƙara da gaɓa ke yi idan ta koma gurbinta: ƙas. Mahaifinsa ya sha gaya masa cewa wannan ƙarar ita ce amin ɗin addu'ar maɗori. Da zarar ka ji ta, ka saki hannu, ka gode wa Allah. Inuwa ya tashi yana ƙaunar ƙarar nan kamar yadda manomi ke ƙaunar rugugin hadarin farkon damina.

Shi ya sa ranar da ya fara jin ta a ƙirjin matarsa, bai tsorata ba. Murna ma ya yi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Hure ta hau tsani za ta ciro damin gero daga rumbu, ƙafarta ta zame, ta faɗo, ƙirjinta ya daki bakin turmi. Inuwa ya bi wurin da yatsunsa, bai sami karaya ba. Ya shafa man shanu, ya ɗaure, ya yi tofi. Kumburin waje ya sace cikin mako biyu, amma ciwo ya zauna a tsakiyar ƙirjin, daidai inda haƙarƙari ke haɗuwa da ƙashi. Wani lokaci idan ta yi miƙa, ko ta jawo guga daga rijiya, sai a ji ƙas. Inuwa bai yi wani dogon tunani ba. A sana'arsa abin da ke ƙara fita ya yi, ya kuma koma. Ya yanke hukunci cewa ƙashin ƙirjin ne ke gocewa, kuma maganinsa a mayar da shi.

Daga nan abin ya zama al'adar gidan. Duk ranar da ciwon ya tashi, bayan sallar la'asar Hure za ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta ta kwanta rigingine. Inuwa zai durƙusa, ya ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinta, ya ɗora ɗayan a kai, ya danna a hankali, ya ƙara dannawa, har sai ya ji ƙarar.

"Ya koma," in ji shi.

"Ya koma, Malam," in ji ta. "Allah Ya saka da alheri."

Sai ya goge hannu ya koma zaure, inda ba a rasa mai jiransa. Bai taɓa tsayawa ya ga yadda take tashi daga tabarmar ba.

A kakar bana ciwon ya matsa. Hure ta daina daka. Takan zauna a bakin murhu ta dafe ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan yana juya tuwo. Inuwa ya ƙara ƙwazo ta hanyar da ya sani: daga sau ɗaya a mako ya koma kullum, daga baya har safe da yamma. A cikin wannan hali 'yarsu Kadijatu, wadda suke kira Auta, ta zo ganin gida daga Kademi inda take aure.

Wata Laraba, bayan ya danna ya ji ƙarar ya fita, sai da ya kai bakin zaure ya tuna ya bar carbinsa a gefen tabarma. Ya juyo. Yana isowa ƙofar ɗakin ya ji muryar Auta ƙasa-ƙasa, sai ya dakata. Ta tsakanin asabari ya hango Hure a zaune, ta dunƙule kamar wadda aka naushe ta, ta cusa bakin zanenta a baki tana cizo. Numfashi take ja kaɗan-kaɗan, kamar mai shan kunu da zafi.

"Inna, sai yaushe za ki gaya masa?" in ji Auta.

"Rage murya."

"Kullum in ya danna sai kin kwana biyu ba ki iya ɗaga hannu. Tun ina gidan nan nake gani."

"Hannun da ya ɗora rabin ƙasar Ajingi ne zan ce masa ya kasa a kaina? Ke dai kawo mini ruwa, Auta. Yanzu zai lafa."

Inuwa ya ja da baya ba tare da takalminsa ya yi ƙara ba. Ya bar carbin a inda yake.

A zaure akwai wani Badaru, mai amalanke, da ya zo a sake masa ɗaurin tsintsiyar hannu. Inuwa ya kwance, ya gyara karan, ya ɗaure, amma bai san lokacin da ya gama ba. Da mutumin ya tafi, ya zauna yana duban tafukan hannunsa. Hannu ne mai kauri, mai kanta, wanda ake sumbata a bakin kasuwa. Ya yi ƙoƙarin ƙirga sau nawa ya ɗora shi a kan ƙirjin matar nan, lissafin ya kuɓuce masa. Abin da ya fi ci masa rai ba kuskuren ba ne, don ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Abin da ya ci masa rai shi ne, a zaure ba ya taɓa sakin mai karaya sai ya dubi fuskarsa, ya tambaye shi sau biyu ina ke yi masa zafi. A ɗakin Hure kuwa ƙarar kawai yake saurare. Shekara goma sha ɗaya yana sauraren ƙashi, bai saurari mai ƙashin ba.

Sai kuma wani tunanin da ya fi wannan nauyi ya sauko masa. Bara maƙwabciyarsu Hajo ta yi ta kukan ƙirji ana ba ta jiƙo, rannan tana shara ta faɗi, ko shurawa ba ta yi ba. Aka ce zuciya ce. To, in abin da ke damun Hure ba ƙashi ba ne fa? In zuciyarta ce ke kiran taimako duk shekarun nan, shi kuma yana danne ta da hannu biyu yana cewa ya koma?

Bayan magariba ya shiga cikin gida. Hure na kwashe tuwo, fuskarta a sake kamar ba ita ba ce ɗazu.

"Gobe da safe za mu Gaya," ya ce.

"Kasuwa? Ai ba gobe take ci ba."

"Asibiti."

Ta ajiye marar da ke hannunta. "Wa ba shi da lafiya?"

"Ke."

Hure ta waiwaya ta dubi Auta, Auta ta sunkuyar da kai tana gyara itace.

"Ba ita ba ce," in ji Inuwa. "Carbina na dawo ɗauka."

Can Hure ta ce, "Malam, mutane za su gan ka. Kai da ake sato maka masu karaya daga gadon asibiti, a ce yau an gan ka a layi da matarka?"

"Su gani."

"Za a ce ɗorin gidan nan ya ƙare."

"In ya ƙare, Allah ne Ya ba da shi, Ya karɓi abinSa. Ki nemi mayafinki mai kauri, da safe akwai sanyi."

Da hantsi suka hau a daidaita sahu su uku, Hure a tsakiya. Hanyar ta sha ruwan damina, duk ramuka. A da Inuwa ba ya lura da ramukan hanya sai in zai yi wa gwamnati tsegumi. Yau kowane rami a fuskar Hure yake karanta shi: idonta ya ɗan ƙanƙance, leɓenta ya matse, sannan ta saki. Ya taɓa kafaɗar direban ya ce ya rage gudu. Direban ya ce, "Baba, in na rage fiye da haka, jaki zai wuce mu." Inuwa ya ce ya bar jakin ya wuce.

Abin da Hure ta faɗa bai daɗe ba ya tabbata. Suna zaune a kan bencin jira sai ga wani Abdulsalam, tela a Gaya, wanda Inuwa ya taɓa ɗora wa cinya. Ya rusuna ya gaishe shi, yana murmushi.

"Malam Inuwa, kai ne a nan? Ko likitocin ne suka aika a kira ka ka koya musu aiki?"

"Koyo na zo yi," in ji Inuwa.

Telan ya yi dariya, yana zaton wasa ne.

Likitar da suka samu mace ce, sunanta Muhsina, ba za ta girmi Auta da shekara biyar ba. Ta saurari Hure ba ta katse ta ba. Ta tambayi ko ciwon na zuwa da gumi, ko yana tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi na ɗaukewa in ta yi tafiya. Ta sa yatsa ɗaya a gefen ƙashin ƙirjin ta taɓa, Hure ta zabura. Sannan ta ce kafin ta ce komai sai an duba zuciya, an kuma ɗauki hoton ƙirji, domin ciwon ƙirji ba a yi masa kintace.

Aka shiga da Hure wani ɗaki, Auta ta bi ta. Inuwa ya zauna a waje. Ya sa hannu a aljihu neman carbi, ya tuna har yanzu yana gefen tabarma a gida. Sai ya riƙa ja da gaɓoɓin yatsunsa. Bai roƙi Allah Ya wanke hannunsa daga laifi ba. Cewa ya yi, in dai laifin hannun ne, to ya zama shi kaɗai ne, kada ya zama zuciya.

Sai bayan azahar aka sake kiran su. Likita Muhsina ta dubi doguwar takardar gwajin, ta ce, "Inna, zuciyarki lafiya lau take, a iya abin da gwajin nan ya nuna. Ƙashi ma babu karaya, babu abin da ya goce."

Inuwa ya yi hamdala.

Likitar ta ɗaga hoton ta saitin taga. Inuwa ya sha ganin hoton hannu da na ƙafa, masu karaya kan zo masa da su. Amma wannan ƙirjin Hure ne, fari a cikin baƙi, haƙarƙarin sun jeru kamar tankar rufin bukka. Ya ji kunya ta kama shi, kamar ya leƙa abin da bai nemi izini ba.

"Baba, ka taɓa yanka rago ka fasa ƙirjinsa?" in ji likitar.

"Duk Sallah."

"To ka san haƙarƙari ba ƙashi da ƙashi yake haɗuwa da ƙashin ƙirji ba. Akwai guringuntsi a tsakani. Shi ne ya yi kumburi a wurin Inna. Ƙarar da ake ji daga wannan mahaɗar take fitowa in ta motsa. Ba alamar wani abu ya fita ya koma ba ce."

"Me ke kawo shi?" in ji Auta.

"Abubuwa da dama. Tsohon bugu irin faɗuwar da ta yi. Aiki mai ƙarfi da ake maimaitawa, kamar daka da jan guga. Tari mai tsanani. Wani lokaci shekaru ne kawai. Wani lokaci ma ba a gano dalilin." Ta ajiye hoton. "Ana danna wurin ne? Na ga ya yi tsami fiye da yadda na zata."

"A'a," in ji Hure da sauri. "'Yar shafa ce dai, da man shanu."

Inuwa ya dubi matarsa. Ko a nan, a gaban baƙuwa, da ciwon a ƙirjinta, rufa masa asiri take yi. Da ya yi shiru da maganar ta wuce, babu wanda zai tayar da ita har abada.

"Ana dannawa," ya ce. "Ni ke dannawa, da hannu biyu, sai na ji ƙara. Shekara goma sha ɗaya. Ɗori ce sana'ata, Likita. Na ɗauka mayar da shi nake yi." Ya dubi likitar. "Ina so ki gaya mini gaskiya, kada ki duba furfurata. Hannuna ne ya jawo mata wannan?"

Likitar ta juyo ta fuskance shi.

"Ba zan ce maka shi ya fara ciwon ba, Baba, don ban sani ba. Ya fi kama da faɗuwar. Amma wurin da ya kumbura hutu yake so. Dannawa ba ta barin sa ya huce. Wannan kam zan iya faɗa."

"Da ban danna ba, da ta warke tuntuni?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma da daka da guga sun riƙe shi. Babu gwajin da zai nuna mana wannan."

Inuwa ya so a yanke masa hukunci, ko na laifi ko na wankewa, ya san abin da zai ɗauka ya koma gida da shi. Ba a ba shi ko ɗaya cikakke ba.

Likitar ta rubuta ƙwayoyin da za a sha na 'yan kwanaki, ta ce kada a sha da cikin yunwa. Ta ce a bar daka da jan ruwa da ɗaukar kaya. A riƙa gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, a ɗora kawai, ba a danna ba. Ciwon zai iya lafawa sosai, zai kuma iya riƙa zuwa yana tafiya, sai haƙuri. Amma in ya zo da gumi, ko jiri, ko ɗaukewar numfashi, kada a jira gari ya waye ko rana ta yi sanyi, a taho da ita.

Sun iso gida ana kiran la'asar. Da Inuwa ya dawo daga masallaci, ya tarar Auta ta fita gidan maƙwabta, da gangan ko ba da gangan ba. Ya ɗaga asabarin ɗakin Hure. Ta shimfiɗa tabarmar a inda ta saba, tana zaune a kai, carbinsa a kan cinyarta.

"Ai kin ji abin da likita ta ce," in ji shi.

"Na ji. Hannuna ne ya saba da shimfiɗawa."

Ya zauna a bakin ƙofa, bai matso ba. "Hure, me ya hana ki gaya mini?"

Ta juya carbin a hannunta. "Da fari na ɗauka haka magani yake, sai ya yi zafi. Da na gane, sai na ji nauyinka. Mutum ya zo daga Kademi a kwance ya koma da ƙafarsa, ni ce zan ce hannun ba shi da kyau?"

"Shekara goma sha ɗaya, saboda nauyi kawai?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, daga asuba kana zaure da ƙasusuwan mutane. In ka shigo, ci ne da barci. Wannan ɗan lokacin na bayan la'asar shi ne nawa. Kana shigowa ka durƙusa, ka tambaye ni yaya ƙirjin. Na ga in na ce ba ya yi mini amfani, shi ke nan, babu abin da zai ƙara shigo da kai da rana."

Duk hanyar dawowa Inuwa ya yi ta shirya kalmomin neman gafara, yanzu ya ga sun yi wa abin kaɗan. Duk da haka ya faɗe su.

"Ki yafe mini."

"Na yafe tun kafin ka sani. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ya tashi ya fita tsakar gida. Rabonsa da hura wuta tun yana saurayi. Ya tura karare a murhu, ya yi ta busawa hayaƙi na cika masa ido, Hure na jiyo tarinsa daga ɗaki.

"Ka janye na tsakiyar," ta ce. "Wuta ma numfashi take so."

Ya janye, wutar ta kama. Ya ɗumama ruwa, ya juye a kwano, ya gwada da bayan hannunsa. Ya zaɓi tsumma mafi laushi cikin waɗanda yake ɗori da su, ya dawo ya durƙusa a gefen tabarmar. Hure ta kwanta. Ya tsoma tsumman, ya matse, ya shimfiɗa a tsakiyar ƙirjinta, ya ɗora tafinsa a kai.

Nan ya gane wuyar abin. Hannun ya san wurin, kafaɗarsa har ta fara sunkuyowa da kanta, ɗayan hannun ya taso zai hau kan ɗan'uwansa. Sai da ya kama shi ya mayar kan gwiwarsa. A rayuwarsa bai taɓa ɗora hannu a jikin mai ciwo ba tare da nufin gyara wani abu ba. Ya bar tafin a sake, nauyinsa bai fi na tsumman ba. A ƙarƙashinsa, a karon farko, ya ji abin da ƙarfin dannawa ya hana shi ji duk shekarun nan: bugun zuciyarta, a natse, bi da bi.

Ɗumin ya ratsa ta. Ta ja dogon numfashi, irin wanda ta daɗe ba ta ja ba, sai ƙirjin ya yi ƙas da kansa.

Bakin Inuwa ya buɗe. Kalmomin nan biyu, "ya koma," sun zo har kan harshensa. Ya haɗiye su.

"Ka ji shi?" in ji Hure.

"Na ji."

"Ba ka ce komai ba."

"Ke zan tambaya. Da zafi?"

Ta ɗan yi nazari, kamar mai ɗanɗana miya. "Akwai. Amma ba kamar jiya ba."

Daga zaure aka yi sallama. Muryar Badaru mai amalanke ce, yana cewa ɗaurin jiya ya ɗan yi sako-sako. Hure ta motsa za ta tashi zaune, kamar yadda ta saba sallamar mijinta.

"Tafi, ana jiranka."

Inuwa ya ɗaga murya ya amsa sallamar, ya ce wa Badaru ya shiga ya zauna a kan buzu, kada ya motsa hannun, yana nan tafe. Sannan ya sa yatsa a kwanon.

"Ruwan bai huce ba tukuna," ya ce.

Ya ɗauke tsumman, ya sake tsomawa, ya matse.